Lamba Ashirin da Bakwai Mai Wutsiya

Kafin ku taru a kan Hajiya a ƙasan wannan rubutu, don na san halinku, bari in sauƙaƙa muku: ni na kai maganar gida da bakina. Ba wanda ya buɗe wayata, ba wanda ya laɓe a bayan labule. Ni ce dai Saudat, autar Hajiya mai zoɓo ta Sharada, wadda tun ina firamare ake yabo da cewa ba ta da saurin baki.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, jini nake aunawa. Ba irin awon da ake yi kafin aure ba, nawa na makaranta ne, da shi zan kammala digiri na biyu. So nake in gano ko magungunan da ake jimar fata da su a kamfanonin Challawa suna taɓa DNA ɗin ma'aikata, wato zaren halittar nan da ke naɗe a cikin ƙwayoyin jikin mutum. A baki aikin ba wuya. A ɗebi jini, a shimfiɗa shi a kan ɗan gilashi cikin wani abu mai kauri kamar kokon da ya huce, a jiƙa, a ratsa shi da 'yar wutar lantarki, a rina, sannan a kashe fitilar ɗaki a leƙa ta madubin gwaji. Ƙwayar da zarenta yake lafiya za ku gan ta a dunƙule, koriya shar. Wadda zarenta ya tsittsinke sai ta ja jela a baya kamar tauraruwa mai wutsiya. Kowane mutum ƙwaya ɗari ake duba masa, kuma iya tsawon wutsiyar iya ɓarnar.

Shi kuwa Muhyiddeen, a ƙofar gidanmu na fara ganinsa bara, ya zo karɓar wa mutanen sashensa zoɓo mai sanyi. Shekara goma sha ɗaya yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa, tun yana mai jan ɗanyar fata har ya zama shi ke kula da manyan gangunan da ake juya fata da magani a ciki. Dogo ne, baƙi, mai ɗan saje, kullum cikin riga mai dogon hannu. Idan zai zo zance sai ya sa shadda ruwan ƙasa, ya kafa hula, ya zuba turare har sai Hajiya ta yi atishawa daga cikin ɗaki, duk don kada in ji warin kamfani. Ni kuwa na daɗe da daina ji. Abin da ya kasa ɓoyewa shi ne gefen faratansa da suka rine shuɗi-shuɗi, ba sabulun da yake fitarwa. Baffa Mamman, ƙanin mahaifinmu marigayi, shi ne waliyyina. Ya aika har Gumel, garin su Muhyiddeen, aka yi bincike, aka dawo da yabo, aka tsayar da Asabar ɗin ƙarshen wata magabatansa su zo a sa rana.

Ba don Muhyiddeen ba, da ko ɗigon jini ban samu ba a kamfaninsu. Ma'aikatan cewa suka yi ba su ga dalilin da wata yarinya za ta zo ta kwashi jininsu a kwalba ba, wa ya san inda za a kai shi. Shi ya tara su a gindin darbejiya bayan an sauko daga Juma'a, don lokacin kaɗai kamfani ya ba mu, ya naɗe hannun riga ya zauna a benci, shi ne na farko. Na miƙe na yi musu bayani, na ɗaga takarda na ce, "Sunan kowa ba zai fita ba. Lamba za a sa. Ni kaina ba zan san jinin wa nake dubawa ba." Ni na faɗi haka, cikin baƙar abaya da farin mayafi, ina ta wani gyara tabarau.

Tsarin kuwa haka yake. Malam Habibu, dattijon da ke kula da ɗakin gwajinmu, shi ke liƙa lamba a jikin kowace 'yar kwalba, ya rubuta suna a takardarsa, ya kulle a durowa. Dalili, ido yana da son zuciya. In mutum ya san jinin ɗan kamfani yake dubawa, sai ya riƙa ganin wutsiya ko da babu. Kuma duk ranar da aka ɗebi jini, akan haɗa da na mutum ɗaya da bai taɓa aikin jima ba, don a sami abin kwatantawa. A ranar, jinina ya ɗiba, ya juya min baya ya liƙa lamba. Su goma sha biyu, da ni sha uku.

Muna cikin haɗa kaya aka kira Malam Habibu, wai tun safe babu wuta a ɗakin gwaji, inji kuma ya ƙi tashi, sai gobe. A ƙa'ida jinin nan cikin 'yan sa'o'i ake son a yi aikinsa, a riƙe shi da sanyi, kada haske ya taɓa shi. Ya ce in tafi gida da kular da jinin yake ciki in ƙara mata ƙanƙara, mu haɗu da sassafe. Ina cikin adaidaita, kula a kan cinya, saƙon Muhyiddeen ya shigo.

"Likita, na leƙa takardar Malam Habibu. Ni ne 27. Ki lallaɓa shi, naki ne."

Na rubuta masa, "Ka ɓata min bincike."

"Ke kika fara ɓata min barci."

Dariya na yi har mai adaidaita ya kalle ni ta madubi. Da ina da hankali, da a take na kira Malam Habibu ya sauya lambar. Ban kira ba, daɗi ma na ji.

A gida na tura kular bayan doguwar kujerar falo, na rufe ta da tsohon zani, na ce wa Hajiya kada kowa ya taɓa. Da safe na tarar da sabuwar ƙanƙara a ciki, ban kawo komai a raina ba, gidanmu ai gidan ƙanƙara ne. A ɗakin gwaji na lura jinin ya yi duhu yana wani sheƙi, ba kamar yadda na saba gani ba. Na lura, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ga wuta an kawo, ba wanda ya san lokacin da za a ɗauke, sai na rubuta a littafi cewa kaya sun iso lafiya, muka hau aiki.

Ranar Litinin na fara dubawa. Ɗakin duhu ne, ba taga, fanka ɗaya mai ƙara. Lamba ashirin, wutsiya. Ashirin da ɗaya, wutsiya. A raina na ce, to, binciken Saudat ya yi kyau, kun ji mugun abin da karatu yake sa mutum. Ina murna jinin bayin Allah ya lalace. Da na zo ashirin da bakwai sai na tsaya na goge tabarau, na yi bisimilla, na leƙa.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kusan babu ƙwaya ɗaya dunƙulalliya. Kan ya ƙanƙance, jelar ta baje, wasu ma kan ya kusa ɓacewa sai jelar kawai. Na duba ɗari, tamanin da huɗu masu doguwar wutsiya. Na sake daga farko, tamanin da shida. Ban yi kuka ba. Na rubuta, na rufe madubi da rigarsa, na ɗauki jakata na fito, har na gaisa da mai gadi.

Na tarar da Hajiya a tsakar gida a kan 'yar kujera, babbar roba cike da zoɓo a gabanta, tana ɗurawa a kwalabe da mazurari. Ɗaurin ƙirji ta yi da atamfa mai ganye, hannunta ja har wuyan hannu. Ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Auta, wa ya mutu?"

"Ba kowa."

"To me ya sami fuskarki?"

Na zauna a bakin rijiya na fara rufe mata kwalabe. Na rufe uku, a ta huɗu bakina ya kuɓuce. Na ce jinin Muhyiddeen na duba, zaren halittarsa duk ya tsittsinke, ban taɓa ganin irinsa ba.

Ta ajiye mazurarin. "Zaren halitta? Wato abin da 'ya'ya suke gada?"

"A'a, Hajiya, wannan na cikin jini ne kawai, ba shi ne ake..."

"Ke da bakinki kika ce min DNA shi ne gado. Ranar da kika fara karatun nan, a nan wurin kike zaune."

Na ce haka ne, amma da bambanci. Na yi ta bayani, ita kuwa ta riga ta tafi wani wuri. Dole in gaya muku abin da ban cika son faɗa ba. Kafin ni akwai Yaya Zainab, sikila ce. Shekara goma sha huɗu Hajiya ta yi tana goyon ta zuwa asibiti, tana dafa ruwan zafi tana gasa mata ƙafa, har Allah ya karɓi abarsa. Lokacin aurensu da Abba ba a awo. Tun daga nan duk abin da ya fito daga ɗakin gwaji, a wurin Hajiya ya wuce gardama. Ita ta matsa sai da muka yi awon jinin aure ni da Muhyiddeen tun kafin ya gaishe ta sau uku, aka ce babu matsala, ta adana takardar a ƙasan akwatinta.

Ta wanke hannu, ta zura hijabi, ta ɗauki waya ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Ina jin ta tana cewa, "Malam Mamman, kuna gida?" Ni kuwa na ci gaba da rufe kwalabe har na gama robar.

Washegari da hantsi saƙon Muhyiddeen ya shigo.

"Baffa ya kira yayana Umar. An ce a dakata da zuwan Asabar. Laifin me na yi?"

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Daga ƙarshe na kira shi. Ina jin ƙarar ganguna a bayansa, ya ce in jira ya fita waje. Na gaya masa komai, tiryan-tiryan, da muryar da nake karanta sakamako a gaban malamai.

Ya ce, "Mutuwa zan yi?"

"A'a. Ba haka awon yake nufi ba."

"To ciwo gare ni?"

"Ba lallai ba."

"Amma ya isa a dakatar da aure."

Na mayar da wayar ɗaya kunnen.

"Saudat," ya ce, kuma rabon da ya kira sunana haka tun farkon haɗuwarmu, "a gaban mutanena kika ce sirri ne. Ni na ce musu su yarda da ke."

Ya ce ana kiran sa, ya kashe. Ranar ba saƙon barka da yamma, ba hoton abincin kantin kamfani da yake turo min yana tsokana wai in zo in auna shi.

Na ƙarasa duba sauran gilasan, ranar Laraba na kai wa malamina, Dakta Abdulbaqi, sakamakon. Mutum ne da ba a gane farin cikinsa ko ɓacin ransa, kullum cikin farar kaftani da biro uku a aljihu. Na zaci zai yaba. Ya jera takardar Juma'a kusa da ta makonnin baya, ya daɗe yana kallo.

"Waɗancan na baya, mutum nawa ne masu wutsiya irin wannan?"

"Babu, Dakta. Kaɗan-kaɗan ne."

"Kamfani ɗaya?"

"A'a, amma aiki iri ɗaya suke yi da na Juma'a."

"Amma na Juma'a su goma sha uku duka sun lalace, ba wanda ya tsira." Ya cire tabarau. "Cikin sha ukun nan ba akwai wanda ba ɗan kamfani ba?"

Wallahi sai a lokacin na tuna. Ya aika aka kira Malam Habibu da takardarsa. Malam Habibu ya buɗe, ya bi da yatsa, ya ɗago ya dube ni ta saman gilashi.

"Talatin da ɗaya. Ke ce."

Na duba abin da na rubuta da hannuna a gaban talatin da ɗaya. Casa'in da ɗaya cikin ɗari. Duk cikinmu ba wanda ya kai ni lalacewa, ni da ko ƙofar gangar jima ban taɓa leƙawa ba.

Dakta bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa Malam Habibu ya shiga ya duba gilashin ashirin da bakwai, wanda na duba sau biyu. Ya fito ya ce saba'in da ɗaya. Dakta ya ce, "Kin gani? Gilashi ɗaya, ido biyu, amsa biyu. Ki raba jinin mutum ɗaya ki aika ɗakin gwaji uku, ba mamaki ki sami amsa uku. Zafi yana tsinka zaren nan, haske yana tsinka shi, jinkiri yana tsinka shi. Awon zai nuna miki an yi ɓarna, amma ba zai gaya miki a jikin mutum aka yi ta ko a hanya ba. Shi ya sa muke duban mutum hamsin a jimlace, ba ma yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi. A ina jinin nan ya kwana?"

"A gidanmu. Cikin kula."

"Je ki tambayi gidanku."

Na tarar da Hajiya tana jera ƙullin kunun aya a babbar firizarta, wadda ta fi komai daraja a gidanmu. A ciki take ajiye naman layya, da maganin ciwon sugarta a can gefe cikin roba, da duk abin da take tsoron ya lalace. Na ce, "Hajiya, ranar Juma'a kin taɓa kulata?"

Ko ɗar ba ta ji ba. "Na taɓa mana. Bayan magariba na leƙa, ƙanƙarar taki duk ta zama ruwa, 'yan kwalaben suna iyo. Na ce yarinyar nan wahalarta za ta tashi a banza. Na ɗaure miki su a leda biyu, don kada su haɗu da kayan mutane, na sa a can ƙasa inda ya fi ƙarfi. Suka yi dutse kuwa. Da aka ɗauke wuta suka ɗan saki, aka kawo suka sake kamawa. Da asuba na mayar miki da sabuwar ƙanƙara." Ta dube ni. "Ko godiya ba ki yi ba."

Na jingina da bango. Jini ba nama ba ne. In ya daskare haka kai tsaye, ruwan cikin ƙwayoyin yakan zama tsinin ƙanƙara ya farfasa su, in ya narke ya sake daskarewa kuma abin ya ninka. Sau biyu Hajiya ta yi wa jinin mutum goma sha uku haka, saboda ƙauna. Na so in yi dariya, na so in yi ihu, sai kawai na ce, "Na gode, Hajiya," sannan na yi mata bayani.

Ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan murfin firiza. Na zaci shi ke nan an wuce wurin. Sai ta ce, "Wato awon bai nuna yana da ciwo ba."

"Bai nuna ba."

"Bai kuma nuna ba shi da shi ba."

Kun ji Hajiya. Ajinta huɗu a firamare, amma da Dakta Abdulbaqi ya ji wannan da ya ba ta maki.

Alhamis bayan la'asar Baffa Mamman ya zo a kan tsohon babur ɗinsa, da babbar riga mai aska biyu da ta sha wanki. Aka shimfiɗa masa darduma a falo, na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa da zoɓo, na koma bakin ƙofa na zauna. Ya sa na maimaita bayanin tun daga farko. Da na zo wurin firiza sai da ya rufe baki da hannun riga.

"Ni nan," ya ce, "shekara talatin na yi a kamfanin roba a Bompai ina shaƙar hayaƙi. In kika auna ni, wutsiyar da za ki gani sai ta fi ta saniya. Ga 'ya'yana tara, ba wanda ya fito da ƙaho."

"Malam Mamman, ba wasa nake ba," in ji Hajiya. "Ni na yi jinya, ba labari aka ba ni ba. A sake awon, a yi shi yadda ya kamata, in gani a takarda."

Na ce, "Baffa, ku gafarce ni, awon nan ba ya magana a kan 'ya'ya. Ko an sake, mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya a cikin magani ba mamaki a ga 'yar wutsiya. Jiki kuma yana gyara abinsa. Wanda ya kwana bai yi barci ba ma, ko ya sha hayaƙin hanya..."

"Auta, da kika zo kina rufe min kwalba fuska kamar an yi mutuwa, ba ki ce min ba ya magana ba."

Na sunkuyar da kai. Baffa ya daɗe yana juya kofi a hannu. Na san ba ya son ya taka uwar da ta binne 'ya. Daga ƙarshe ya ce a sake ɗiba gobe Juma'a, a kai ɗakin gwaji a take, Malam Habibu ya duba ba ni ba. In hankalin Hajiya ya kwanta, shi da kansa zai kira Gumel ya ba da haƙuri.

Na tura wa Muhyiddeen dogon saƙo, har da labarin firiza da na lamba talatin da ɗaya, na sa alamar dariya guda biyu don in sassauta. Bayan awa ɗaya ya amsa: "Ƙarfe huɗu nake tashi."

Washegari na sa doguwar riga ruwan toka da mayafi baƙi, ban shafa komai ba sai kwalli. Na ɗauki ƙaramar kula, na naɗe ƙanƙarar da tawul yadda ba za ta taɓa kwalba ba, na lulluɓe kwalbar da baƙar leda saboda haske. Malam Habibu yana ɗakin gwaji yana jira, an tabbatar masa inji yana aiki. Wannan karon ba abin da na bari.

Challawa da yamma sai wanda ya gani. Warin jima ya cika iska, ruwan kwata yana gudu shuɗi-kore a gefen titi, motocin ma'aikata sun jeru, masu awara da masu rake suna ta ciniki. Aka buɗe ƙofa suka fito tururu, wasu da takalman roba a hannu. Biyu daga cikin waɗanda na ɗebi jininsu suka gaishe ni da fara'a, "Likita, ya sakamako?" Na ce ana nan ana yi. A nan na gane Muhyiddeen bai gaya wa kowa abin da na yi ba, kuma hakan ya fi min ciwo.

Ya fito daga ƙarshe, riga mai dogon hannu ruwan sararin sama, ba turare. Ya rame ko idona ne, ban sani ba. Muka gaisa kamar a ofis. Ya wuce gindin darbejiya ya zauna a benci, ya ɓalle maɓalli ya naɗe hannun riga har sama, ya miƙo.

Na sa safar hannu. Na ɗaura masa roba a dantse, jijiyar ta taso. Na goge wurin da auduga. Na ɓare sirinji.

"Tsaya," ya ce. "Tambaya ɗaya."

"Ina ji."

"Na karanta saƙonki sau uku. Kin ce firiza ce, na yarda. Kin kuma ce ko an yi daidai ba mamaki a ga wutsiya, tunda na daɗe a aikin. Kin ce in mutum biyu suka duba, amsa biyu za su bayar."

"Haka ne."

"To in Malam Habibu ya leƙa gobe ya ga wutsiya, Hajiya ta ce a'a. Ke me za ki ce?"

Masu karatu, ina da amsa. Wallahi ina da ita, tana nan a ƙirjina tun ranar Litinin. Amma ni mutum ce da aka koya wa kada ta faɗi abu sai ta tabbatar, sai na tsaya ina auna yadda zan jera maganar, da fuskar Hajiya, da Yaya Zainab, da abin da Baffa zai ce. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Mu bari mu ga sakamakon tukuna."

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. Ya sa ɗaya hannun ya kwance robar, ya ninke ta biyu, ya ɗora min a tafin hannu. Ya sauke hannun rigarsa ya ɓalla maɓalli a nutse.

"Ranar farko don ke na ba da jinina, ban tambayi me za a yi da shi ba," ya ce. "Wannan na neman aure ne, kuma ni ba a wurin madubi na zo nema ba. Ki gaida Hajiya."

Ya tafi. Motar Panshekara tana cika, ya shiga ya zauna a can ciki, ba ta taga ba. Na tsaya da sirinji a hannu har mai awara ta ce, "Baiwar Allah, rufe allurar nan kada ki soki wani." Na rufe, na cire safar, na jera komai a kula yadda na zo da shi, na tari adaidaita.

Mun kai wajen shataletale wayata ta yi ƙara. Baffa ne.

"Saudatu, an ɗiba?"

"Ba a ɗiba ba, Baffa."

"Bai zo ba?"

"Ya zo. Ba za a ɗiba ba ne, yau ko gobe." Muryata ko rawa ba ta yi, ni kaina na yi mamaki. "Ku yi haƙuri, ku ba Hajiya haƙuri. Awon nan na makaranta ne, ba a aure da shi, ba a fasa aure da shi. Ni na yi kuskure na kai shi gida. Da wutsiya ko babu, ni shi nake so, kuma in ba shi ba na haƙura da auren."

Mai adaidaita ya rage gudu, ya rage rediyo. Ban taɓa yi wa Baffa magana irin wannan ba, na jira ya ce ba ni da kunya. Na ji yana gyaran murya.

"To, na ji," ya ce. "Ita Hajiya ki bar ni da ita. Shi yaron, kin gaya masa haka?"

Na dubi kular da ke kan cinyata.

"Saudatu? Kina ji na? Na ce shi kin gaya masa?"

Na waiwaya ta bayan adaidaita. Motar Panshekara ta daɗe da shan kwana.